Kamun Kifi a Rijiyar Mai

A tsakiyar shekarun 1980 na gama makarantar horar da ma'aikatan man fetur da ke Effurun, kusa da Warri, aka tura ni Borno. Lokacin NNPC tana ta haƙa a yankin Tafkin Chadi, tana neman abin da aka riga aka ga alamarsa a tsallaken iyaka, ta wajen Chadi da Nijar. Rijiyoyi 23 aka haƙa a wancan zagayen kafin a dakata, kuma biyu ne kaɗai, Wadi-1 da Kinasar-1, suka nuna iskar gas, ita ma ba ta kai a yi kasuwa da ita ba. Abin da mutanen ƙauyukan wurin ke gani shi ne doguwar hasumiyar ƙarfe mai fitilu, wadda ake hangowa daga nesa cikin dare, har wasu su ɗauka ita ce ke haƙar. Mu da ke ƙarƙashinta mun san marataya ce kawai. Aikin yana can ƙasa, a ƙarshen bututun da ya kai kilomita uku ko ya zarce, cikin ramin da faɗinsa a gindi bai wuce inci 8 da rabi ba. Ba mahalukin da ya taɓa shiga, ba kuma wanda zai shiga. Duk wani ƙarfe da aka ƙirƙiro a sana'ar nan, an ƙirƙiro shi ne don ya yi wa mutum gani ko kamu a inda idonsa da hannunsa ba za su kai ba.

Aikina na farko shi ne tsayuwa a dandamalin haƙa, ina jefa manyan sifanonin nan masu rataye da muke kwance bututu da su. Kowane bututu ya haura mita 9, uku-uku muke kwance su muna jinginawa a hasumiya. Idan bakin haƙa ya dakushe a zurfin mita 3,000, sai an zaro jeri sama da ɗari kafin a gan shi, a canza shi, a sake mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Yini ya tafi ke nan, ba a ƙara zurfin ko kamu ɗaya ba. Bakin da muke amfani da shi mai kawuna uku ne masu haƙora, kowane kai yana juyawa a kan gindinsa yana tauna dutse. Howard Hughes babba, mahaifin attajirin nan mai harkar jiragen sama, shi ya yi rajistar mai kawuna biyu a 1909, kamfaninsa ya fito da mai uku a 1933, kuma bayan shekara hamsin shi muke ta murɗawa a ƙasar Borno. Idan ya fito, dirila, wato mai jan ragamar haƙar, yakan sa a wanke shi tas, ya tsuguna ya bi haƙoran ɗaya-ɗaya, ya girgiza kowane kai ya ji ko ya fara lilo. Daga yadda haƙori ya ci yake gane irin dutsen da aka ratsa, da ko nauyin da ya ɗora masa ya yi yawa.

Laka kuwa ita ce ran rijiya. Manyan famfuna ke tura ta ta cikin bututu, ta fita ta ƙofofin bakin haƙa, ta dawo ta gefe ɗauke da tsakuwar da aka tauna. Tana sanyaya ƙarfe, tana yaɓe bango, uwa uba nauyinta ne ke danne gas kada ya taso. Idan ana son ƙara mata nauyi sai a zuba garin wani farin dutse da ake kira barait, wanda ya ninka ruwa nauyi sau huɗu da ɗoriya, irin wanda ake tonowa a Azara ta jihar Nasarawa ta yanzu.

Babbar wahalarmu a lokacin ita ce sanin inda ramin ya dosa. Rami ba ya tafiya sambal don kawai an so haka. Dutsen da ke kwance a karkace yana jan bakin haƙa gefe. Don mu san ya karkata da digiri nawa, kuma ta wace fuska, sai a tsayar da komai, a zura wani siririn ƙarfe a kan waya ta cikin bututu. A cikinsa akwai kamfas, da ma'aunin karkata, da 'yar mitsitsiyar kyamara, da agogo. Kafin a sake shi sai a saita agogon, a ce nan da minti kaza ya ɗauki hoto. Ya sauka, ya zauna cikin wani bututu na musamman wanda maganaɗisu ba ya kamawa, don kada ƙarfe ya ruɗa kamfas. Lokaci ya cika, a jawo shi, a fitar da ɗan faifan fim wanda bai fi kwabo girma ba, a wanke da ruwan magani, a duba da gilashin ƙara girma. Hoto ɗaya, na wuri ɗaya. Idan zafin ƙasa ya ɓata fim ɗin, ko agogo ya ɗauka tun kafin a isa, sai a sake daga farko. Duk tsawon wannan lokaci bututu yana tsaye cik a jikin bango, kuma babu abin da dirila ke tsoro irin bututu ya daɗe bai motsa ba.

Bayan 'yan shekaru na koma Neja Delta, na shiga sashen da 'yan rig, wato ma'aikatan dandamalin haƙa, ke kira kamun kifi. A wurinsu duk abin da ya tsinke, ko ya faɗa, ko ya maƙale a rami kifi ne, ko da jerin bututu ne mai mita ɗari biyu, ko sifanar da ta suɓuce daga hannun wani yaro. Maigidana a sashen wani dattijo ne Banufe, wanda ya fara aikin rig tun shekarun 1960, ba da daɗewa ba bayan samun man Oloibiri a 1956. Kowa Baba yake ce masa, har Turawa. Ranar da aka kai ni wurinsa ya tambaye ni garinmu, na ce Katsina.

Ya ce, "To ɗan Katsina, ka taɓa ciro guga da ƙugiya?"

Na ce, "Na sha yi, Baba."

Ya ce, "Aikin ke nan. Sai dai a can kana leƙawa ka ga ruwa. A nan igiyarka kilomita uku ce, kuma duk sakin ƙugiya ɗaya yini ne."

Yana da wani ɗan littafi mai baƙar bango da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Ba ƙarfen da zai sauka rami bai auna shi da kansa ba: tsawonsa, kaurinsa ta waje, faɗinsa ta ciki, wuyansa, inda ya yi kafaɗa. Sai ya zana shi da fensir. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, tunda duk waɗannan suna rubuce a takardun kamfani. Ya ce mini takarda tana faɗar yadda aka ƙera ƙarfe ne, ba ta faɗar yadda ya koma bayan ya sha dutse.

Rijiyar da na fi tunawa tana cikin dajin ruwa, inda ba hanyar mota, rig ɗin ma a kan wani faffaɗan jirgi yake zaune, sai da aka yashe masa hanya kafin a jawo shi wurin. Cikin dare aka taso mu, muka tafi a kwalekwale mai inji, kayanmu suna biye a wani jirgin. Da muka hau, dirila ya ba da labari a tsaye. Sun tsaya awon karkata, da suka gama suka zo ɗagawa, bututu ya ƙi. Ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya juyawa, amma laka tana zagayawa lafiya lau, ma'auninta bai ko motsa ba. Baba da ya ji wannan na ƙarshe bai ƙara tambaya ba. Ya ce ba rushewa ramin ya yi ba, da rushewa ce da laka ta toshe. Bango ne ya tsotse shi. Sun ratsa wani yashi da aka daɗe ana ɗiban mai daga cikinsa ta rijiyoyin maƙwabta, ƙarfinsa ya ragu, nauyin laka ya fi shi nesa ba kusa ba. Da bututun ya jingina ya tsaya, sai laka ta danne shi a jikin yashin ta gefe ɗaya, kuma kowace sa'a da ta wuce mannewar tana ƙara faɗi.

Abin da aka fara da shi gudumar rami ce, wadda dama tana cikin jerin, sama da inda ya kama. A ido bututu ne kawai mai kauri, amma a cikinsa akwai sanda mai zamewa da ɗakin mai. Dirila ya ja jerin har ya wuce nauyinsa da tan masu yawa, ya danne birki. Ƙarfen nan mai tsawon kilomita ya miƙe ya ɗaure. A can ƙasa mai yana tsiyaya sannu a hankali ta wata 'yar ƙofa, yana riƙe da sandar. Kowa ya ja da baya daga dandamali, ba mai magana. Minti ɗaya, wani lokaci biyu, sai ta saki. Duk ƙarfin da ke cikin bututun da ya miƙe ya tattaru ya buga sama a lokaci guda, hasumiya ta girgiza tun daga kai har gindi, busasshiyar laka ta zubo mana daga sama, jirgin da kansa ya motsa a kan ruwa. Sai a sassauta, a ɗana ta, a sake ja. Dabarar ta girmi rijiyar mai ita kanta. Masu haƙar rijiyoyin gishiri a Amurka sun riga sun yi amfani da ita, wani William Morris ya yi rajistarta a 1841, shekara 18 kafin Edwin Drake ya sami mai a Titusville a zurfin mita 21. Tasa zobba biyu ne masu sarƙe da juna, tamu mai ɗakin mai ce, amma manufar ba ta canza ba.

Haka muka kwana muna bugu. Da gari ya waye aka tura yaro ya hau hasumiya ya bi kusoshi ɗaya-ɗaya, don irin wannan girgiza tana kwance su. Aka tura man dizil haɗe da magani ya zauna daidai wurin, ko zai jiƙa yaɓen ya saki. Muka jira, muka sake bugu. Bai saki ba.

Daga nan sai a nemi inda kamun ya tsaya. Baba ya fara da nasa lissafin: ya sa dirila ya ja da wani nauyi, ya yi alama da alli a jikin bututu, ya ƙara ja, ya sake alama, ya auna tsakanin alamun biyu. Ƙarfe yana miƙewa gwargwadon tsawonsa, don haka daga wannan ɗan taƙin ya fitar da tsawon abin da ke sake. Masu waya suka zo da na'urarsu, wadda ke sauka cikin bututu ta kama bango da ƙafafu, ta ji ko wurin yana miƙewa idan an ja daga sama. Suka yi ta sauka suna gwadawa har suka zo inda allura ta daina motsi. Amsarsu da ta allin Baba ba su yi nisa da juna ba. Sai aka zaɓi mahaɗa ta farko da ke sama da kamun, aka murɗa jerin hagu ana tura murɗin ƙasa a hankali, aka zura igiyar nakiya ta tsaya daidai mahaɗar. Aka kashe rediyo, aka kashe injin walda, aka tayar da ita. Girgizar ta sa mahaɗar ta kwance. Muka zaro abin da ya saku, muka bar sauran a ƙasa, wato manyan bututun nauyi da bakin haƙa. Yanzu ya zama kifi sosai.

Muka sauka da wani bututu mai faɗi mai haƙora a baki, wanda ke haɗiye kifin yana yanke yaɓen da ke riƙe da shi ta kewaye. Sai dai ya ƙi hawa kan kifin. Ya zo daidai zurfin, ya zame ta gefe. Mun fito, mun koma da obashot, wato kwanon ƙarfe mai murɗaɗɗen haƙori a ciki, wanda ke buɗewa idan an danna ya matse idan an ja. Shi ma ya wuce ta gefe bai taɓa komai ba. A nan ne Baba ya ce a kawo dalma.

Ba na jin akwai abin da ya fi wannan sauƙi a duk kayanmu. Guntun ƙarfe ne aka cika gindinsa da dalma, aka goge ta sumul. A saukar da shi, a ɗora masa nauyi sau ɗaya tak, a fito. Idan aka ɗora sau biyu an ɓata hoton. Yini guda na saukarwa da zarowa don tabo ɗaya. Da ya fito Baba ya hana kowa taɓawa, ya wanke shi da hannunsa, ya kai shi ƙarƙashin fitila. Tsakiyar dalmar ba ko ƙwarzane. Can a baki-baki ne aka ga wata 'yar lanƙwasa mai siffar jinjirin wata. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta." Na ce kifin ba a tsakiya yake ba. Ya ce, "Ci gaba." Na ce ramin ya zaizaye a wurin ya yi faɗi, kan kifin ya kwanta cikin kogon, shi ya sa duk abin da muka saukar yake wuce shi. Bai ce na yi daidai ba, ya dai juya ya ce a kira mai walda. Aka yanka wa bakin obashot leɓe mai lanƙwasa, aka sa guntun bututu mai ɗan karkata a samansa don ya riƙa sharar bango. Da muka kai zurfin, Baba ya tsaya kusa da dirila, tafin hannunsa a jikin bututu, yana cewa a juya kaɗan, a tsaya, a sauke kaɗan. Can sai ma'aunin laka ya ɗaga, alamar kifin ya shiga kwano ya toshe hanya. Aka ja, nauyi ya ƙaru. Muka koma bugu da gudumar da muka sauko da ita, wadda yanzu take dab da wurin kamun, kuma kafin asuba allurar nauyi ta faɗo gaba ɗaya ta tsaya daidai nauyin jerin da kifinsa. Ya saki.

Murnarmu ba ta yi nisa ba, domin da bakin haƙa ya fito kawuna biyu ne a jikinsa. Na ukun, dunƙulen ƙarfe mai tauri wanda ya fi dunƙulen hannu, yana can gindin rami, kuma ba bakin da zai haƙa ta kansa bai farfashe ba. Maganaɗisu ya sauka ya fito da 'yan ƙwallayen ƙarfe da ɓaraguzai, kan ya ƙi biyowa. Wakilin masu rijiyar ya fara magana da ofis ta rediyo a kan a haƙura. Lissafinsu ba laifi ba ne: kowace rana ta rig kuɗi ce mai yawa, kuma akwai ranar da kamun kifi ke fin sabon rami tsada. Idan an kai nan sai a zuba siminti a kan kifin, a karkata a haƙa ta gefensa. Wannan ma tsohuwar dabara ce. Da irinta John Eastman ya haƙa karkatacciyar rijiya a Conroe ta Texas a 1934, ya iske wata da ta balle tana aman mai ta ƙarƙashin ƙasa, aka kashe ta.

Baba ya ce, "Yallaɓai, a ba ni sauka ɗaya."

Ya tafi inda ake jibge ragowar ƙarafa, ya zaɓi wani guntun kesin, wato bututun da ake yi wa rami bango da shi, mai taushi, ya ƙi masu tauri. Ya zana masa dogayen yatsu da alli a gindi, mai walda ya yanke su da wuta, aka ɗan karkata kowane yatsa. Kwandon talaka ake ce masa. Ba kamfanin da ya ƙera shi, ba lamba a jikinsa. Da ya isa gindi aka juya shi sannu-sannu har yatsun suka kewaye kan, sannan aka rage laka, aka ƙara nauyi ana juyawa. Gogayya ta sa yatsun suka yi zafi suka yi laushi, suka lanƙwashe ciki suka rufe. Ba wanda ya san ko ya kama sai da jeri na ƙarshe ya fito. Mai walda ya yanka cikin kwandon, kan ya faɗo a dandamali tare da tsakuwa. Washegari aka ci gaba da haƙa, rijiyar kuma ta ba da mai.

Cikin shekarun 1990 na ga sana'ar ta sake kama a gaban idona. Bakin daimon ya fara yawa, wanda aka soma gwadawa tun shekarun 1970. Shi ba ya tauna, yanka yake yi da wasu 'yan faya-fayan daimon na haɗi, kuma ba abin da ke juyawa a jikinsa balle ya cire ya faɗi. A yashi da dutsen laka na Delta ya yi daidai, baki ɗaya ya yi aikin da a da sai an canza da yawa, kiran da ake mana na ciro kawuna ya ragu ƙwarai. Ga kuma injin laka, wanda ke juya bakin haƙa a can ƙasa ba tare da an juya jerin ba. Asalinsa famfon da Bafaranshe René Moineau ya ƙirƙiro wajen 1930 ne aka juya aikinsa: maimakon sanda ta juya ta tura ruwa, ruwa ke turawa sanda ta juya. An ɗan tanƙwara jikinsa da digiri ɗaya ko biyu, duk inda aka fuskantar da tanƙwarar nan ramin zai bi.

Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne ranar da na fara ganin rami yana magana. An kawo wasu samari biyu da ɗakin kwantena cike da kwamfuta, aka ɗaura wani dogon ƙarfe a bayan injin laka. Da aka tada famfo, ɗayansu ya ce in dubi ma'aunin laka. Allurar tana ɗan tsalle, ta koma, ta yi tsalle biyu, ta koma. A can ƙasa wata 'yar ƙofa ce ke matse hanyar laka tana saki, bugun yana hawowa ta cikin lakar cikin daƙiƙa biyu ko uku, kwamfuta tana mayar da shi lamba. Karkata kaza, fuska kaza, cikin 'yan mintoci, ba waya, ba fim, ba doguwar tsayuwar da ta jawo mana wancan kifin. Daga baya aka ƙara masa ma'aunin da ke bambanta yashi da dutsen laka, da wanda ke gwada yadda dutse ke ƙin wutar lantarki, tunda ruwan gishiri yana ba wuta hanya, mai kuwa yana hana ta. Wannan awon shi ne wanda mutanen 'yan'uwan nan biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka fara yi a Pechelbronn ta Faransa a 1927, suna tsayar da waya mataki-mataki suna rubutawa da hannu. Yanzu ga shi yana zuwa ana cikin haƙa. Wajen ƙarshen shekarun aka kawo wanda ke tuƙa kansa, mai tafuka uku da ke tura bango bi da bi yayin da jerin ke juyawa. Da shi na ga an kwantar da rami a cikin yashin da mansa bai fi 'yan mitoci kauri ba, gas a sama, ruwa a ƙasa, aka yi ta tafiya a tsakani ɗaruruwan mitoci ba a taɓa ko ɗaya ba. Baba ya riga ya yi ritaya ya koma Bida. Da na kai masa ziyara na ba shi labari, tambayarsa ɗaya ce: idan ya maƙale, a ina ake kama shi?

Tambayar tana da nauyi. Kifin zamani ya fi na da tsada ninkin-ba-ninkin, kuma wasu na ɗauke da ƙwayar sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wadda ake auna nauyin dutse da ita. Irin wannan ba a sa masa injin niƙa, ba a yi masa gaggawa. Idan ya gagara, ƙa'idar da muke bi ita ce a binne shi da siminti mai jan launi, a dasa wani ƙarfe a samansa da zai kautar da duk bakin da ya biyo, a kafa allon gargaɗi a bakin rijiyar.

Akwai kuma abin da ya dame ni, har yau bai daina ba. Kayan zamanin Baba muna warware su a kan benci, mu ga cikinsu, mu canza abin da ya ci, mu gane dalilin kowace kafaɗa. Sababbin a rufe suke zuwa, a rufe suke komawa. A wurin da na yi aiki akwai ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba, abin da ya fi ƙarfin ɗakin kuma sai a sa shi a akwati a tura ƙetare. Yaranmu suka iya ɗaurawa da kwancewa da karanta allo, amma kaɗan ne aka bari suka ga abin da ke ciki. Wanda bai taɓa warware ƙarfe ba, da wuya ya ƙirƙiro wanda ya fi shi. Kuma kaso mai tsoka na kuɗin haƙa rijiya yana tafiya ne a hayar waɗannan 'yan mitoci na ƙarshen jeri.

Aikina na ƙarshe a Agadem na yi shi, cikin hamadar jihar Diffa, gabanin a buɗe matatar Zinder a 2011. A can ne karo na farko da na koyar da sana'ar da Hausa tsantsa, domin ita ce ta haɗa ni da samarin Damagaram da Maraɗi da Barebari da Tubawa da ke dandamali. Idan aiki ya lafa da yamma nakan warware obashot a kan katako in ce su mayar. Wani mai walda daga Zinder ya ji labarin kwandon talaka, bai bar ni ba sai da na zana masa, ya yanka ɗaya ya ajiye a bayan kwantenarsa.

Ina gida a Kaduna aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Oktoba na 2019. A majalisarmu gardamar duk a kan jihar da ke da wurin ce, da yawan gangunan da za a samu. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne zaman jiran da muka sha a Borno, idan wani ƙarfe ya lalace sai mota ta taso daga Fatakwal ko Warri. Ɗakin gyaran kayan rami ba abin al'ajabi ba ne: injin gurzar ƙarfe mai dogon gado, ma'aunan haƙoran mahaɗa, fitila da garin ƙarfe na gano tsaga, da wurin gwajin matsi. Masu hannun da za su riƙe wannan suna nan a kasuwar Panteka ta Kaduna, na kuwa gani da idona.

Wani maƙwabcina mai haƙar burtsatse ya zo mini da damuwa: famfon sumo na wata makarantar Islamiyya ya tsinke ya faɗa, da guntun bututu a kansa, sun yi ta jefa ƙugiyar rodi ba su samu ba, har ana shirin tara kuɗin sabuwar rijiya. Na ce ya samo gwangwani da sabulu. Ramin ba zurfi, ba zafi, sabulu ya isa ya yi aikin dalma. Tabon ya nuna bakin bututun a tsaye yake, ya ɗan fashe ta gefe ɗaya. Na zana ƙaramin obashot a takarda muka tafi Panteka wurin wani mai injin gurza. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "Baba, haƙoran nan idan na yi su da wannan ƙarfen za su lallatse. Bari in yanko daga sifirin mota in ƙona in tsoma a baƙin mai." Ya kuma faɗaɗa bakin kwanon fiye da yadda na zana, saboda fashewar da ya gani a sabulun. Da la'asar muka saukar da shi a kan bututun ruwa, muka juya da hannu har ya zauna, muka ja. Sumo ya fito da wayarsa a naɗe, aka busar da shi, aka gwada, ya tashi. Mai injin ya ƙera wasu guda uku masu girma daban-daban, yanzu haya yake ba masu burtsatse, har daga Zariya da Kafanchan ana zuwa karɓa.